Tafkin Hazen: ina ruwa ya fito a hamadar ƙanƙara?

Tambaya: "Malam, ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare. Mun zo kan darasin yankunan sanyi, na ce wa ɗalibai can ƙuryar arewacin duniya akwai manyan tafkuna a tsakiyar duwatsu, a wuraren da ruwan shekararsu bai kai na Agadas ba. Sai suka tsare ni da tambaya: ina ruwan yake fitowa, me ya hana shi daskarewa har ƙasa, kuma akwai mai rai a wurin? Ina neman bayani da misali na gaske."

Amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira, ya yi wa ɗaliban nan albarka, don sun san inda ake tsare malami. Tafkunan yankin Aktik dubbai ne, amma akasarinsu kududdufai ne marasa zurfi a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wanda ya dace da tambayarku shi ne tafkin Hazen, a arewacin tsibirin Ellesmere na ƙasar Kanada, kuma a kansa kaɗai zan tsaya. Dalilina shi ne tambayoyin nan uku duk amsarsu na komawa wuri guda, wato duwatsun da ke tsaye a kansa ta arewa maso yamma. Su suka samar da ramin da ruwan ya kwanta, su ke shayar da shi, su ke ɗumama bakinsa da bazara, kuma su ne ke tara masa sanyi da hunturu.

Mu fara da inda yake. Ellesmere shi ne tsibiri na goma a girma a duniya, murabba'in kilomita 196,000 da 'yan kai, yana cikin yankin Nunavut, kuma siririn mashigin teku ne kawai ya raba shi da Girinlan. Tafkin yana kusa da digiri 82 arewa da tsakiyar duniya, kimanin kilomita 900 ke nan tsakaninsa da ƙarshen duniya ta arewa. Babu gari kusa. Wurin zama mafi kusa shi ne Alert, tashar sojoji da masu auna yanayi, kimanin kilomita 150 arewa maso gabas. Ƙauyen mutanen Inuit ('yan asalin yankin) mafi kusa a Kanada, Grise Fiord, yana can kudancin tsibirin da ɗaruruwan kilomita, mutanensa kuma ba su kai 200 ba. Hanyar mota babu ita. Mai son zuwa sai ya yi shatar ƙaramin jirgin sama, irin Twin Otter, daga ƙauyen Resolute da ke kudu, tafiyar awoyi, ya sauka a kan filin tsakuwa ko kan ƙanƙarar tafkin kanta. Tun 1988 yankin ya zama gandun da gwamnati ke karewa, wanda yanzu ake kira Quttinirpaaq, mai faɗin murabba'in kilomita 37,775. Masu ziyartarsa a shekara 'yan ƙalilan ne, saboda kuɗin jirgin ba na wasa ba ne.

Shi tafkin dogo ne siriri, ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Tsawonsa kimanin kilomita 74, faɗinsa a inda ya fi buɗewa kilomita 12, shimfiɗarsa kusan murabba'in kilomita 540. Wannan ba wani abin a zo a gani ba ne idan faɗi kawai ake dubawa. Tafkin Taymyr na Rasha ya ninka shi sau takwas a faɗi, sai dai Taymyr faranti ne, matsakaicin zurfinsa bai kai mita 3 ba. Hazen kuwa zurfinsa ya kai mita 267, matsakaicinsa kusan mita 95, ruwan da ke cikinsa ya haura kilomita kubik 51, wato cikin akwati 51 masu kilomita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Shi ya sa a yawan ruwa yake sahun gaba cikin tafkunan da suke gaba ɗaya arewa da da'irar Aktik. Ga wani lissafi da za ka iya ba ɗalibai su yi da kansu: saman ruwan yana mita 158 bisa teku, zurfinsa 267. Idan suka ɗebe, za su ga ƙasan tafkin ya nutse fiye da mita 100 ƙasa da saman teku. Kogi ba ya haƙa rami irin wannan, domin ruwa mai gudu ba ya iya cin ƙasa har ya wuce matakin tekun da yake zubawa. Dole wani abu ne daban ya yi aikin.

Abu biyu ne. Na farko motsin ƙasa. Tsakanin shekara miliyan 60 zuwa miliyan 35 da suka wuce, Girinlan ta riƙa matsowa arewa tana matse Ellesmere. Ɓawon ƙasa ya lanƙwashe, ya karye, ɓangaren arewa ya hau kan na kudu. Wanda ya hau shi ne ya zama duwatsun Grant Land, da jerinsu na Garfield da United States da British Empire, inda ƙololuwar Barbeau take, mai tsayin mita 2,616, mafi tsayi a Nunavut. Wanda aka hau kuwa ya zama kwari. Layin karayar yana bin gefen tafkin na arewa maso yamma, shi ya sa tafkin ya miƙe sak kamar an ja shi da igiya, kuma shi ya sa gefensa biyu ba su yi kama ba. Ta arewa maso yamma jerin Garfield ne a tsaye gab da ruwa. Ta kudu maso gabas kuwa tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai da ke hawa a hankali. Saboda haka idan aka ce duwatsu sun kewaye shi, gaskiya ne, amma ba kewaye na bai ɗaya ba, kuma wannan rashin daidaiton shi ne sirrin yanayin wurin, kamar yadda za mu gani.

Na biyu ƙanƙara. A zamanin sanyin da duniya ta yi na ƙarshe, ƙanƙara mai kaurin ɗaruruwan mita ta lulluɓe yankin, ta cika kwarin tana jan jiki a cikinsa. Ƙanƙara ba ta bin dokar kogi. Nauyinta na sa ta ƙwaƙule dutsen da ke ƙarƙashinta, musamman inda karaya ta riga ta raunana shi, ta kwashe ɓaraguzan ta hau da su tudu. Da ta janye, kimanin shekara 5,000 da suka wuce, sai ta bar rami, ruwan narkewarta ya cika shi. Duwatsun tsofaffi ne, tafkin kuwa jariri ne a lissafin masana ƙasa.

Yanzu ga tambayar ruwa. Abin da ka gaya wa ɗalibai daidai ne. Bakin tafkin Hazen hamada ne. Abin da ke sauka a shekara, idan aka narkar da dusar ƙanƙarar aka haɗa da ɗan yayyafin bazara, yana wajen milimita 100 ne ko ƙasa da haka. Iska mai tsananin sanyi ba ta ɗaukar laima, tekun da ke arewa a rufe yake da ƙanƙara kusan duk shekara, ɗan abin da iskar ta ɗauko kuma duwatsu sun tare shi kafin ya iso kwarin. To bambancinsa da Agadas yana wajen abin da ke faruwa da ruwan bayan ya sauka. A Agadas rana ce ke shanye shi, yashi ya tsotse saura. A Hazen ba mai shansa. Tafkin a rufe yake wata tara zuwa goma, sanyi ya hana tururi tashi, ƙasa kuma a daskare take har zurfin ɗaruruwan mita, ɗan samanta kawai ke narkewa da bazara, wanda sau da yawa bai kai mita guda ba. Ruwa ba shi da hanyar nutsewa, sai dai ya gangara.

Amma wannan kaɗai ba zai cika tafki irin Hazen ba. Ainihin rumbun yana kan duwatsu. Can sama dusar ƙanƙara ta fi sauka, kuma bazara ba ta iya narkar da ita duka. Ta bana ta hau kan ta bara, shekara dubbai ana haka, ta ƙasa ta matse ta zama ƙanƙara tauri, nauyinta ya sa ta fara gangarowa ta kwaruruka a hankali. Waɗannan su ne kogunan ƙanƙara. Kusan kashi 40 cikin 100 na ƙasar da ke zubar da ruwanta cikin tafkin irin wannan ƙanƙarar ce ta rufe ta. Manyan cikinsu su ne Henrietta Nesmith da Gilman, ga kuma ƙanana irin su Abbé da Turnabout. Harsunansu ba sa shiga tafkin, suna tsayawa a kan tudu, ruwan narkewarsu ya biyo koramu masu rarrabuwa a kan tsakuwa ya ƙarasa. Duk wannan a cikin 'yan makonni yake faruwa, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta. Koramar da mutum zai tsallake da ƙafa da safe, in rana ta buga ƙanƙarar sosai, da yamma sai ta gagara. Satumba na kamawa komai ya tsaya cik har baɗi. Wato ruwan da ke shiga Hazen bana, mafi yawansa ba bana ya sauka ba. Ajiya ce ta ƙarnoni ake warewa kaɗan kaɗan.

Ruwan nan ba garai yake zuwa ba. Ƙanƙara na niƙa dutsen da take bi ta kai ya zama gari, sai koramun su fito fari-fari ko ruwan toka. Wannan lakar na ƙara wa ruwan nauyi, don haka idan ya iso tafkin ba ya yawo a sama, nutsewa yake ya bi gangaren ƙasa har zuwa wuri mafi zurfi, yana tafe da iskar oksijin. Lakar ta kwanta hawa-hawa, kuma daga cikinta ne masana ke zaro dogon sanda na taɓo su karanta tarihin wurin, na sama sabo, na ƙasa tsoho.

Mafita ɗaya ce tak: kogin Ruggles, a gefen kudu maso gabas. Yana ratsa tudun ya zuba a mashigin Chandler, daga nan zuwa gaɓar Lady Franklin, sai tekun da ke tsakanin Ellesmere da Girinlan. Bakin kogin, inda ya bar tafkin, gudun ruwa na hana shi rufewa gaba ɗaya ko da tsakiyar hunturu. Ka riƙe wannan, zai yi amfani idan mun zo kan mutane.

Sai batun daskarewa, wanda shi ne ya fi kyau a koyar, domin dokar kimiyya ce da ke aiki a ko'ina. Kusan kowane abu idan ya yi sanyi ƙara nauyi yake. Ruwa ma haka yake, amma sai zuwa digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. Daga nan in ya ƙara sanyi, sauƙi yake yi, in ya daskare kuma ya fi sauƙi. Saboda haka da kaka, ruwan saman tafki yana sanyi yana nutsewa, na ƙasa na tasowa, har duka ya kusanci digiri 4. Daga nan juyawar ta tsaya. Wanda ya fi sanyi ya tsaya a sama ya daskare, ya zama murfi. Murfin nan shi ke kare sauran. Duk ƙarin kaurinsa, zafin da ke ƙasa na ƙara wahalar fita, daskarewar na ƙara jinkiri. A Hazen, bayan hunturu mai tsawo da tsanani, kaurin ƙanƙarar kan tsaya a wajen mita 2. Mita 2 cikin 267. Sauran ruwa ne a kwance cikin duhu, tsakanin sifili da digiri 4. Kududdufan da ke kewaye da shi, waɗanda zurfinsu bai kai mita 2 ba, su kam har ƙasa suke daskarewa, shi ya sa ba a samun kifi a cikinsu. Babban tafki irin wannan ma yakan hana ƙasar da ke ƙarƙashinsa daskarewa, duk da cewa ta kewayensa dutse ce don sanyi.

Inda labarin Hazen ya fita daban shi ne yanayin bakinsa. A wannan wuri rana ba ta faɗuwa daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba, ba ta kuma fitowa daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Fabrairu. Ko a ranar da ta fi hawa sama, 21 ga Yuni, ba ta kai tsaka. Da tsakar rana tana kimanin digiri 32 bisa gindin sama, da tsakar dare ta sauko zuwa 15, tana dai kewaya sararin ba ta ɓacewa. Hasken da ya zo a karkace haka ba ya yi wa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wani tasiri sosai. Amma gangaren da ke fuskantar kudu, kamar na jerin Garfield, hasken a fuska yake samun sa. Dutsen ya ɗauki zafi, ya ɗumama iskar da ke kansa. Ƙanƙarar tafkin da ruwansa kuma suna mayar da haske kan gangaren. Ta baya, duwatsun sun tsare iska mai sanyi da hazon tekun Aktik. Ɗan abin da ya tsallako ma, yana gangarowa yana matsewa yana ɗumi, ya iso a bushe. Sakamakon shi ne a Alert, da ke bakin teku, matsakaicin zafin Yuli digiri 3 ne da ɗoriya, ga hazo ga iska. A Hazen kuwa akan wuce digiri 15, wani lokaci a taɓa 20, kuma akan samu kwana kusan 70 ba tare da raɓa ta daskare ba. Masana na kiran wurin dausayin ɗumi, kuma sunan ya dace.

Sai dai duwatsun nan da suka ba da ɗumi da bazara, su ke karɓe shi da hunturu. Rana ta tafi, ƙasa na ta zubar da zafinta zuwa sama, iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, sai ta gangaro daga duwatsu ta taru a kwarin ta kwanta. Ba guguwar da za ta motsa ta, tunda an tsare wurin. A hunturun 1957 zuwa 1958 wasu ɗaliban jami'ar McGill su huɗu sun zauna a bakin tafkin suna auna yanayi. Sun yi watanni sanyi na ƙasa da digiri 40 ƙasa da sifili, ya kuma wuce 50, ga iska tsit. Alert ta fi Hazen kusa da ƙarshen duniya, amma ba ta kai shi sanyin hunturu ba, saboda teku, ko da a rufe, yana ɗan sakin ɗumi. A irin wannan kwarin, hawa dutse da hunturu ɗumi yake ƙarawa, akasin abin da littafin aji yake cewa. Ina ganin wannan ya cancanci a gaya wa ɗalibai, don kada su ɗauka nisa daga tsakiyar duniya shi kaɗai ke yanke hukunci kan yanayin wuri.

Masu rai kuwa akwai su, har sun fi yadda ake zato. Itace a tsaye babu ko ɗaya. Abin da ya fi kusa da itace wata 'yar bishiya ce da ke rarrafe a ƙasa, tsayinta bai wuce yatsu ba. Amma tsirrai masu fure da ciyayi a kewayen tafkin sun haura iri 100, kuma inda ruwan narkewa ke tsattsafowa akan samu fadama kore shar. A sansanin masu bincike da ke bakin Hazen ne Peter Kevan ya yi binciken da ya wallafa a 1975, inda ya nuna cewa wasu furannin wurin suna bin rana da fuskarsu, siffarsu ta ƙoƙo na tara zafi a tsakiya, ƙwari su shiga su sha ɗumi su ɗauki garin fure. Akwai malam-buɗe-littafi, akwai ƙudan zuma mai gashi, akwai sauro da ke addabar masu bincike da Yuli. Akwai wata gizaka da ke ɗaukar kimanin shekara bakwai kafin ta rikiɗa, domin 'yan makonni kawai take ci a shekara, sauran lokacin a daskare take.

Ciyawar nan ita ke riƙe da muskoks, wata dabba mai kama da ɓauna mai gashi har ƙasa, da barewar karibu ƙarama fara-fara da ake kira ta Peary, wadda yawanta ya ragu ƙwarai. Akwai fararen zomaye da kan taru garke guda, da ɓerayen ƙanƙara, da dila, da farin kyarkeci. Tsuntsaye da bazara suke zuwa su yi ƙwai su juya, wasunsu daga gaɓar Turai.

A cikin ruwan kuwa kifi iri ɗaya ne kacal, kifin car, ɗan'uwan salmon. Tafkin matalauci ne, sanyi da ƙarancin taki sun hana gansakuka yawa, don haka abinci kaɗan ne. Sai kifin ya rabu gida biyu: ƙanana masu cin tsutsar ƙwari a ƙasan ruwa, da manya masu cin ƙananan. Girmansu a hankali yake, sukan kai shekara 30. A wasu wuraren kifin car kan fita teku da bazara ya yi ƙiba ya dawo, kuma ganin kogin Ruggles ya haɗa tafkin da teku, an daɗe ana zaton na Hazen ma haka suke. Da aka binciki sinadaran ƙashin kunnensu, wanda ke ajiye alamar irin ruwan da kifi ya zauna, sai aka ga ba sa fita. A tafkin suke haihuwa, a nan suke mutuwa.

Mutane ma sun zauna. Fiye da shekara 4,000 da suka wuce mafarauta na farko sun ratsa kwarin suna bin muskoks, har suka tsallaka arewacin Girinlan. Daga baya kakannin Inuit na yau, waɗanda masana ke kira mutanen Thule, sun zo, kuma kufan gidajensu na hunturu yana bakin kogin Ruggles. Ba sai an yi dogon tunani ba a gane dalili: wuri ne da ake samun buɗaɗɗen ruwa da kifi lokacin da ko'ina ya rufe.

Sunayen da ke kan taswira dai ba nasu ba ne. A 1881 Amurka ta aika tawagar mutum 25 ƙarƙashin Laftanar Adolphus Greely, suka kafa sansanin Fort Conger a gaɓar Lady Franklin. A 1882 Greely ya biyo kwarin Ruggles ya iso tafkin, ya ga kufan mutanen da, ya kuma raba sunaye: tafkin ya ba ubangidansa Janar William Hazen, babban kogin ƙanƙara ya ba matarsa Henrietta Nesmith, jerin duwatsun ya ba shugaban ƙasa James Garfield. Ƙarshen tawagar bai yi kyau ba. Jiragen da za su kawo musu abinci sun kasa isowa shekara biyu a jere, suka bar sansanin a 1883 suka nufi kudu, yunwa ta cinye mafi yawansu, mutum shida kawai suka koma gida a 1884. Shi kansa Janar Hazen sai da aka gurfanar da shi gaban kotun soja a 1885 saboda ya fito fili ya zargi ministan yaƙi da sakaci wajen ceto. Bincike na dindindin bai fara ba sai 1957, lokacin da hukumar binciken tsaro ta Kanada ta kafa sansani a gefen arewa na tafkin, ƙarƙashin masanin ƙanƙara Geoffrey Hattersley-Smith. Sansanin na nan har yau.

Amfanin wannan daɗewar shi ne an samu ma'aunin da za a gwada yau da jiya. An daɗe ana ganin tafki mai girma da zurfi haka ba zai yi saurin jin ɗumamar yanayi ba. Binciken da Igor Lehnherr na jami'ar Toronto da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya rushe wannan zato. Daga 2007 zafin bazara a yankin ya ƙaru da kimanin digiri 1 kacal. Digiri ɗaya a wurin da bazararsa ke rawa kusa da sifili ba ƙaramin abu ba ne, shi ne tsakanin narkewa da rashinta. Ruwan da kogunan ƙanƙara ke zubawa ya ninku kusan sau goma. Da can ruwa kan yi kimanin shekara 89 a cikin tafkin kafin ya fita ta Ruggles, sai ya koma wajen 25. A da sau da yawa bazara kan wuce murfin bai gama narkewa ba, yanzu buɗewar tafkin gaba ɗaya ta zama abin da aka saba. Laka ta ƙaru, kuma tare da ita zaiba da ragowar magungunan ƙwari da iska ta kwaso daga ƙasashe masu masana'antu ta ajiye kan ƙanƙara shekaru da dama. Irin gansakukar da ke cikin ruwan ya sauya zuwa abin da ba a gani ba cikin lakar shekara 300. Kifin kuma ya rame, wataƙila don ruwan ya gurɓace da laka, shi kuwa da ido yake farauta.

Kada yawan ruwan nan ya ruɗi kowa. Uwar kuɗi ake ci, ba riba ba. Ƙanƙarar duwatsun na asarar fiye da abin da take samu, kuma duk kogin ƙanƙarar da ya shiga wannan hali, ruwansa kan ƙaru na wani lokaci, sannan ya ragu yayin da jikinsa ke ƙanƙancewa. Ƙanƙarar Grant Land tana da yawa, ba yau ko gobe za ta ƙare ba, amma hanyar da aka kama ke nan.

Akwai wani abin mamaki da ya fito daga wannan lakar. Kyra St. Pierre da abokan aikinta sun nuna a 2019 cewa koramun da ke shiga Hazen suna shan iskar kabon dayoksaid daga sama, alhali yawancin koguna fitar da ita suke. Garin dutsen sabo ne, yana narkewa cikin ruwa yana cinye iskar, kuma babu ruɓaɓɓen ganye da zai mayar da ita. Abu ne na gaske, amma bai kai ya rama ɓarnar da narkewar ke yi ba.

Wani binciken kuma, na jami'ar Ottawa a 2022, shi ne ya fi yawo a kafafen labarai, har wasu suka rubuta cewa annoba ta gaba daga ƙanƙarar Aktik za ta fito. Idan ɗalibanka suka ci karo da wannan, ka gaya musu abin da aka yi. An ɗebi ƙasa da lakar tafkin Hazen, an karanta ƙwayoyin halittar da ke ciki, an yi lissafi da kwamfuta, sai aka ga yiwuwar ƙwayar cuta ta tsallaka daga wani mai rai zuwa wani ta fi yawa a lakar da ruwan ƙanƙara ya fi zubawa. Akasarin ƙwayoyin na tsirrai ne da naman gwari, ba a ga ko ɗaya ta kama mutum ba, kuma masu binciken da kansu sun ce ba hasashen annoba suke yi ba.